Ƙuri'a sifili: yadda fina-finan taurarin waƙa na Japan ke sarrafa asara



Yau za mu yi nisan kiwo, har ƙasar Japan. Cikin fina-finan zane da Japanawa ke yi, waɗanda ake kira anime, akwai wani rukuni da kusan kullum labarinsa ɗaya ne: 'yan mata sun haɗa ƙungiyar waƙa da rawa, suna fafutukar yin suna. Mun san ba kowa ne cikinmu zai zauna kallon 'yan mata na rawa ba, kuma ba mu ce dole ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne da wuya a samu wani fage da marubuta masu yawa suka ɗauki labari iri ɗaya, da jarumai kusan iri ɗaya, da wurin ƙarewa da kowa ya sani tun farko, wato dandamali da taron jama'a, amma kowane ya fito da abu dabam. Idan kayan miya ɗaya ne, a nan ake gane hannun mai girki. Sai dai wanda yake da niyyar kallo ya yi mana haƙuri, don za mu tona ƙarshen wasu daga ciki.

Japanawa na kiran irin waɗannan mawaƙa "aidoru", kalmar da suka aro daga Turanci. Kada wani ya buɗe ƙamus ya ga "gunki" ya ɗauka maganar bauta ake yi, sana'a ce. Yarinya ce kamfani ke ɗauka tun tana ƙarama, sau da yawa ba ta ma ƙware a waƙar ba, kuma rashin ƙwarewar na cikin abin da ake sayarwa. Masoya na biyan kuɗi ne su ga tana ƙoƙari, tana tuntuɓe, tana tashi, su ji cewa da hannunsu a ɗaukakarta. Ƙungiyar AKB48, wadda Yasushi Akimoto ya kafa a 2005 da wani ƙaramin gidan wasa a unguwar Akihabara ta birnin Tokyo, ita ta kai wannan ciniki ƙololuwa. Ka sayi faifai, a ciki ka samu tikitin yin musabaha ta 'yan daƙiƙu da wadda kake so, ko kuma, har zuwa 2018, takardar ƙuri'a ta zaɓen waɗanda za su tsaya a sahun gaba a sabuwar waƙa. A lokacin akwai masu sayen faifai iri ɗaya rututu saboda ƙuri'ar kawai.

Cinikin yana da sharaɗi: tauraruwa ba ta soyayya, don kowane masoyi ya ci gaba da jin kamar tasa ce. A ƙarshen Janairun 2013 wata mujallar tsegumi ta buga hoton Minami Minegishi, 'yar AKB48 mai shekara 20, tana fitowa daga gidan wani saurayi. Sai ga ta a bidiyo ta aske kanta ƙwal, tana kuka tana neman gafara. A cikin wannan watan na Janairu ne kuma aka fara nuna "Love Live! School Idol Project" a talabijin, fim ɗin da babu ko inuwar irin wannan abu a cikinsa. Mu riƙe waɗannan biyun a ranmu.

Da yawan masu sharhi, idan za su jera waɗannan fina-finai, sikeli ɗaya suke ɗauka: wanda ya fi duhu shi ya fi gaskiya. Wanda ya nuna kisa da cin amana ya zama na manya, wanda ya nuna 'yan makaranta na dariya ya zama na yara. Mu ba mu yarda da wannan sikelin ba. A ganinmu tambayar da ta fi raba gwani da ɗan koyo ita ce: wace asara ce marubucin ya yarda ta tabbata, bai dawo daga baya ya goge ta ba? Kuma daga ina asarar ta fito, daga burin jarumar kanta ko daga sama ta faɗo?

Mu fara da "Love Live!" ɗin, wanda kamfanin Sunrise ya shirya. Makarantar sakandaren 'yan mata ta Otonokizaka za ta rufe saboda ƙarancin masu neman shiga. Honoka Kosaka ta ce bari su kafa ƙungiyar waƙa su yi suna, ko makarantar ta samu ɗalibai. Dalilin ya yi kama da shirme, amma yana da tushe, don haihuwa ta ragu a Japan har ana rufe ɗaruruwan makarantu kowace shekara. A kashi na 3 ne marubucin, Jukki Hanada, ya yi abin da ya sa fim ɗin ya zauna a zukatan mutane. 'Yan mata uku sun yi makonni suna gudu a matakala, sun ɗinka kaya, sun raba takardun gayyata. Aka buɗe labule, babu mutum ko ɗaya a kan kujerun. Ba a sa wani mugu ya hana mutane zuwa ba, babu wanda ya yi musu zagon ƙasa. Mutane dai ba su zo ba, kamar yadda ba sa zuwa. Duk wanda ya taɓa sakin babin farko na labarinsa ya kwana yana duba waya ya san wannan zauren.

Amma a ƙarshen zango na farko marubucin ya ji tsoro. Kotori, wadda ke ɗinka musu kaya, ta samu damar tafiya ƙasar waje karatun zanen tufafi, abin da take so da gaske. An gina wannan rigima da kyau, har ta raba ƙawaye. Sai Honoka ta ruga filin jirgi ta ce kada ta tafi, ita kuwa ta fasa. Aka dawo, aka yi waƙa, zaure ya cika, makaranta ta riga ta tsira. Ba a sake tambayar abin da Kotori ta rasa ba. An ɗora wa mai kallo nauyi, sannan aka sauke masa ba tare da kowa ya biya komai ba. Sai a zango na biyu, a 2014, suka biya bashin: su tara suka tsaya a bakin teku suka yanke cewa idan manyansu uku sun kammala makaranta, sunan ƙungiyar ya mutu ke nan, ba za a maye gurbin kowa ba. Wannan hukuncin ba a janye shi ba, kuma shi ya sa cin gasar da suka yi ya yi daɗi.

Wanda muke so mu daɗe a kansa shi ne ƙaninsa, "Love Live! Sunshine!!", da aka fara a 2016. Da farko kamar kwafi ne. Wata makaranta ce kuma za a rufe, Uranohoshi, a wani ƙauyen bakin teku kusa da birnin Numazu a jihar Shizuoka. Jarumar, Chika, ta ga waɗancan na farko a allo ta ce ita ma za ta yi yadda suka yi. Mai kallo ya gyara zama yana jiran a maimaita masa abin da ya sani. Sai aka gayyace su wani taro a Tokyo, suka yi wasa iyakar ƙarfinsu, aka miƙa musu takardar sakamako. Ƙungiyoyi 30, su ne na 30, kuma ƙuri'arsu sifili. Ko mutum ɗaya bai zaɓe su ba.

Ku lura da yadda aka bi da abin da ya biyo baya, don a nan darasin yake. Chika ba ta yi kuka a wurin ba. Ta yi ta murmushi tana cewa ai sun yi ƙoƙari, a jirgin ƙasa ma haka, saboda ita ce ta jawo sauran cikin harkar, tana ganin ba ta da ikon karaya a gabansu. Sai da asuba, ita kaɗai ta shiga cikin ruwan teku da kayanta, aka biyo ta, sannan bakinta ya buɗe. Marubuci mai gaggawa zai sa hawaye a layin da ya biyo bayan sifilin. Wannan ya bar mu muna jira tsawon dare, muna ganin ƙarya a fuskar yarinyar, har mu da kanmu muka matsu ta fashe.

A zango na biyu aka ba su sharaɗi: idan masu neman shiga makarantar suka kai 100 kafin wa'adi, ba za a rufe ba. Suka kwana suna kallon lamba tana hawa a allon kwamfuta. Ta tsaya a 98. Da a ce a 12 ta tsaya, da mun ce dama can ba mai yiwuwa ba ne. Da a ce ta kai 100 a daƙiƙar ƙarshe, da mun yi tafi mun manta da fim ɗin kafin sati. Mutum biyu kacal suka rage, kuma babu attajirin da ya sauko daga mota da jakar kuɗi, duk da cewa ɗaya daga cikin 'yan matan 'yar masu kuɗi ce kuma ta yi iyakar roƙon da za ta yi. An rufe makarantar. Sun je sun ci gasar daga baya, amma dalilin cin ya sauya: abokan karatunsu ne suka ce musu su je su sa sunan makarantar a tarihi, tunda ginin ba zai tsira ba. Fim ne mai launi mai haske, babu jini ko ɗigo, amma ya yi abin da yawancin labaran ban tausayi ke kasa yi.

"The Idolmaster" kuwa darasinsa na wani ɓangare ne. Asalinsa wasan bidiyo ne da kamfanin Namco ya fitar a 2005, aka mai da shi fim mai kashi 25 a 2011 ƙarƙashin darakta Atsushi Nishigori. A nan babu makaranta, aiki ne: ƙaramin kamfani mai suna 765 Production, ofis ɗan ƙuƙut, 'yan mata goma sha biyu da allon jadawali da babu komai a kansa. Wanda ke fama da jarumai da yawa a labarinsa ya zauna ya nazarci wannan. Kashi na farko an yi shi kamar ana ɗaukar shirin gaskiya, mai kyamara na bin su yana tambaya, kowace ta nuna halinta cikin minti ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe aka gane mai kyamarar shi ne sabon furodusansu. Kowace an ba ta abin da take so da abin da ke hana ta. Makoto na son a gan ta a matsayin mace mai laushi, amma siffarta ta samari ce, masoyanta yawanci mata. Yukiho na tsoron maza, ga ta a sana'ar da maza ke cika zaure. Yayoi ita ce babba a gidan talakawa mai yara shida, liyafarsu ta tsiron wake ce. Ba sai an faɗi suna ba, daga jimla ɗaya ka san mai magana. Mu kuwa sau nawa muke jera ƙawayen amarya biyar, in an sauya sunayensu babu mai ganewa?

Kashin da aka fi yabo shi ne na 20, na Chihaya, wadda ƙaninta ya rasu a hatsarin mota tun suna yara, iyayenta suka rabu, ita kuma ta maƙale wa waƙa saboda shi ne mai sauraronta. Wani abokin gaba ya kai labarin ga mujalla, muryarta ta ɗauke. Kashi ne mai kyau, kuma an yi ta shuka alamunsa tun farkon fim ɗin. Amma mu wanda ya fi burge mu shi ne abin da ya zo bayansa, wanda ba a cika magana a kai ba. Kamfanin ya yi nasara. Allon nan da yake fari fat ya cika da rubutu. Kowace na da shirin talabijin ko wasan kwaikwayo ko ɗaukar hoto. Haruka, wadda duk burinta shi ne su tsaya tare a dandamali, ta yi ta kiran a zo atisaye, kowa na ba da uzuri na gaskiya. Babu wanda ya yi mata laifi. Abin da suka yi ta nema ne ya zo ya cinye abin da ya sa suke nema. Irin wannan rikicin ba ya buƙatar boka ko muguwar kishiya, yana cikin burin tun ranar farko, marubucin ya bar shi ya nuna ne kawai.

Inda "The Idolmaster" ya yi rowa shi ne masoya. Fitilu ne kawai masu kaɗawa a duhu, ba su da fuska, ba su da buƙata. Haka ma "Love Live!", wanda kusan ba a ganin namiji a cikinsa. Wato duk su biyun sun cire mutumin da ke biyan kuɗin, sun cire sharaɗin da ya sa Minegishi aske kai.

"Wake Up, Girls!" na 2014, na darakta Yutaka Yamamoto, shi ya yi ƙoƙarin mayar da abin da aka cire. An kafa shi a Sendai, babban birnin yankin da girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011 suka ɗaiɗaita. Kamfanin ya kusa durƙushewa, shugabarsa ta gudu da kuɗi tun kafin wasan farko, wani ɗan damfara ya kai 'yan matan wurin da aka sa su fita da kayan wanka gaban maza masu shaye-shaye. Jarumar, Mayu, tsohuwar ta gaba ce a wata babbar ƙungiya mai kama da AKB48, an tilasta mata fita bayan ta ƙalubalanci shugaban a kan korar ƙawarta. Zanen fim ɗin yana da rauni, wani lokaci fuskoki har karkacewa suke yi, kuma an yi ta yi masa dariya a kan haka. Duk da haka ya yi abu biyu da muke girmamawa. Ya nuna masoya a matsayin mutane, wasu maza marasa fasali da ke taruwa a gidan abinci suna gardama a kan yadda za su tallafa wa 'yan matan, abin dariya da ban tausayi a lokaci guda. Sannan a gasar ƙarshe bai ba su kofi ba.

Sai wanda kowa ke magana a kai, "Oshi no Ko", daga littafin zane na Aka Akasaka da Mengo Yokoyari, wanda aka fara nuna fim ɗinsa a 2023. Kashinsa na farko ya kusa awa ɗaya da rabi, tsawon cikakken fim. Ai Hoshino tauraruwa ce mai shekara 16 da ke ɗauke da cikin tagwaye a ɓoye, ta yanke za ta haihu kuma ba za ta bar sana'ar ba, wato za ta yi wa duniya ƙarya. (Akwai wata dabara a labarin ta cewa likitanta da wata mara lafiya sun mutu sun dawo a matsayin tagwayen. Mu ɗauke ta a matsayin dabarar almara, mu wuce.) Ai ta taso babu kulawar uwa, ba ta san yadda so yake ba, tana faɗa wa dubban mutane tana son su da fatan wata rana maganar ta zama gaskiya, amma tana tsoron faɗa wa 'ya'yanta, kada ta ji a bakinta cewa ƙarya ce. Ranar da za ta yi wasa mafi girma a rayuwarta, wani masoyi da ya gano tana da 'ya'ya ya zo ƙofar gidanta da furanni da wuƙa.

Wannan kashin gwaninta ne, kuma ba kisan ne ya sa ba. Abu biyu ne. An riga an nuna mana Ai ba ta iya riƙe sunan mutane, amma ta tuna wannan mutumin, ta tuna kyautar da ya taɓa ba ta. Sannan a numfashinta na ƙarshe ta furta wa 'ya'yan kalmar da take tsoro, ta ji ba ƙarya ba ce. Kisan ya fito daga sharaɗin sana'ar, amsar kuma ta fito daga tambayar da jarumar ke ɗauke da ita tun farko. Shi ya sa ya zauna daram.

Matsalarmu da fim ɗin ta fara ne daga kashi na biyu. Labarin ya koma na ɗaukar fansa, ɗan yana neman uban da yake zargi, ana ta zagaya mu sassan masana'antar nishaɗi ana yi mana bayani kamar a aji. Wasu sassan suna da ƙarfi, musamman na Akane, wadda taron dangin intanet ya kusa kai ta ga hallaka kanta. Amma sau da yawa za ka ji ana ƙara duhu ne don an ga duhu na sayuwa. Ga kuma wani abin lura: fim ɗin da ke sukar yadda ake sayar da hoton yarinya, da hoton Ai ɗin ya yi kasuwa, kuma waƙar buɗe shi ta ƙungiyar YOASOBI ta hau saman jadawalin Billboard na ƙasashen duniya ban da Amurka a 2023. Ba mu ce laifi ba ne, amma wanda zai ce wannan shi ne "mai faɗin gaskiya" sauran kuma "masu yaudara" ya sake lissafi. In ma duhun ake nema, Satoshi Kon ya riga shi tun 1997 da "Perfect Blue", inda Mima ta bar ƙungiyar waƙa ta koma wasan kwaikwayo, ta tarar da wani shafin intanet da ke rubuta rayuwarta da muryarta, har ta daina rarrabe ita wace ce. Fim ne na manya ƙwarai, mai ɗauke da abubuwa masu tayar da hankali, don haka ba mu ce kowa ya nema ba. Cikin kusan minti tamanin ya gama faɗin abin da wancan ke ta jan zango a kai.

Me ya kawo mu duk wannan? Ku duba yawancin labaran da muke rubutawa muna sakewa babi-babi a WhatsApp da Wattpad. Ba mu da ƙarancin masifa. Jarumarmu marainiya ce, matar uba ta azabtar da ita, an yi mata ƙazafi, an yi mata asiri, mota ta kaɗe ta, ta manta kowa. Sai a babi na ƙarshe a mayar mata da komai har da riba: uban ashe bai mutu ba, hankalin ya dawo, mijin ya zo da gwiwa a ƙasa, maƙiya sun haukace ko sun tuba. Masifa goma, asara babu. Mai karatu ya riga ya gane cewa duk abin da aka ƙwace aro ne, don haka yana karantawa ne kawai ya ga ranar mayarwa. Muna sane da cewa masu karatu na matsa lamba, wasu har zagi suke yi idan aka kashe wanda suke so, kuma marubuciyar da ke karɓar kuɗin shiga rukuni ba ta son ɓata wa abokan cinikinta rai. To ai masu "Sunshine!!" sun fi mu abin tsoro, don kayan wasa da faifai da tikiti suke sayarwa da sunan 'yan matan nan, amma suka rufe makarantar, kuma masoya ba su gudu ba. Har Numazu suke zuwa ziyara don ganin wuraren da aka zana.

Kuma ga mai son rubuta labarin mawaƙiya ko 'yar fim a ƙasar Hausa, tambayar da waɗannan fina-finai ke juyawa tana nan a gidanmu: wa ke da iko da macen da jama'a ke kallo? A Oktoban 2016 ƙungiyar MOPPAN ta sanar da korar Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. Dalilan ba ɗaya ba ne da na Japan. Can ciniki ne ke kare mafarkin masoyi, nan maganar tarbiyya da addini da al'ada ce, kuma duk wanda ya cakuɗa su zai rubuta shirme. Amma marubuci na da aiki iri ɗaya a duka wuraren: ya ba masu kallo fuska da hujja, kada ya mai da su fitilu a duhu, kada kuma ya mai da su duka masu wuƙa.

Mun bar wanda ya fi kowane wauta a ƙarshe, don a ganinmu ya fi da yawansu wayo. "Zombie Land Saga" na kamfanin MAPPA, 2018. Sakura ta fito daga gida da takardar neman shiga ƙungiyar waƙa a hannu, cike da fata, mota ta kwashe ta tun ba a yi minti biyu da fara fim ba. Bayan shekara goma ta farka a matsayin gawa mai tafiya, irin waɗanda ake kira zombi, tare da wasu 'yan mata shida da suka mutu a zamunna dabam-dabam. Wani manaja mai ihu ya ce ya tashe su ne su kafa ƙungiyar waƙa don su farfaɗo da jihar Saga, wadda su kansu Japanawa ke tsokana da cewa babu komai a cikinta. Barkwanci ne tsantsa, kai na cirewa ya faɗi ƙasa ana tsakiyar wasa. Amma ku dubi abin da barkwancin ke ɗauke da shi: tauraruwar da ba ta tsufa, ba ta da gida, ba ta da saurayi, kuma dole a shafe ta da kwalliya kafin ta fita don kada a ga ainihinta. Babu jarumin da ya tsaya ya yi mana wa'azi a kan masana'antar.

Da yake matattun daga zamani dabam suke, sai marubucin ya samu damar haɗa tarihin sana'ar faɗa da kansa. Junko ta yi tashe a farkon shekarun 1980, lokacin da tauraruwa ke nesa da jama'a kamar wata, sai dai a hango ta a talabijin. Ta mutu a hatsarin jirgin sama. Ai Mizuno ta zamanin musabaha da ɗaukar hoto da masoya ce. Tsawa ce ta kashe ta a kan dandamali a 2008. Junko ta ce ita ba za ta tsaya ana ɗaukar hoto da ita kafaɗa da kafaɗa ba, wannan zubar da daraja ne. Ai ta ce wanda bai sauko ba yanzu babu mai kallonsa. Kowace na da gaskiya, kuma ba a sa ɗaya ta ci ɗaya ba. An bar Junko da nisanta, ya zama shi ne tambarinta a cikin ƙungiyar.

Kashi na 8 shi ne na Lily, ƙaramarsu, wadda ta yi tashe a wasan talabijin tun tana yarinya. Mahaifinta, wanda ya yi ta tura ta aiki har ya fi kula da wadda ke cikin allo a kan wadda ke gabansa, ya zo wurin taron masoya saboda ya ga mai kama da 'yarsa da ya binne shekaru da suka wuce. Yana tsaye a gabanta, ta gane shi sarai. Duk wata dabara ta labari na kiran a rungume juna a yi kuka a koma gida tare. Amma dokar da fim ɗin ya kafa tun farko ita ce matattu ba sa komawa, kuma bai karya ta don ya faranta mana ba. Lily ba ta ce masa ita ce ba. Ta hau dandamali ta rera masa waƙar godiya da ban kwana a matsayin wata yarinya mai kama da 'yarsa, shi kuma ya saurara, ya koma gida shi kaɗai.